Masai Ya Fara Yoyo Bayan An Sa Sabon Tayil: Nazari a Kan Tsayin Filanji

Abu uku wani maigida ya kawo ƙara a kai wurin mai aikin famfo, kuma a tunaninsa babu abin da ya haɗa su. Banɗakin sama yana wari duk irin wankin da ake yi masa. Silin ɗin ɗakin da ke ƙarƙashinsa ya fito da tabo mai ruwan ƙasa, kullum kuma faɗi yake ƙarawa. Na uku, wanda sai da aka tambaye shi ya tuna, masai ɗin yana ɗan motsawa idan mutum ya zauna ko ya tashi. Duka ukun sun soma ne 'yan watanni bayan an cire tsohuwar ledar da ke shimfiɗe a banɗakin an sa tayil.

Ginin bene ne mai daɓen katako, filawud shimfiɗe a kan manyan katakan da ke ɗauke da hawan sama. Masai ɗin na zama ne, irin wanda mafitarsa ke kallon ƙasa, tsarin da aka fi amfani da shi a Amurka da Kanada, shi ya sa ma'aunansa ke zuwa da inci. A wannan tsari, fayif ɗin da ke kwashe ƙazanta, mai faɗin inci 3 ko 4, yana hudo daɓe ya tsaya, sai a sa masa wani zobe mai faffaɗan leɓe a baki, wanda masu aikin famfo ke kira filanji. Shi ke riƙe notuna biyu da ake ɗaure masai da su, a kansa kuma zoben kaki, wato abu mai laushi kamar kakin zuma, ke zama ya toshe tsakanin bakin fayif da gindin masai.

Wannan mahaɗa ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci. Ruwan da ke kwance a cikin kwanon masai shi ke tare iskar da ke tasowa daga magudana, amma mahaɗar tana ƙasa da wannan ruwan. Ke nan da zarar kakin ya buɗe, babu sauran shamaki tsakanin iskar magudana, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da cikin gida. Sabulu da turaren banɗaki ba su da abin yi a nan.

Yadda aka gano bakin zaren

Ba a fara da cire masai ba. Ruwa a gindin masai yana iya fitowa daga wurare da dama, kuma da an ɗaga shi shaidar ta ɓaci. An shafa busasshen tishu a tiyon da ke kawo ruwa da famfon tsayar da shi, babu lema. An duba notunan da suka haɗa tanki da kwano, a bushe suke. An zuba kala a tanki aka bar shi ya jima ba a ja ruwa ba, babu inda kalar ta ɓullo. Jikin tankin ba ya gumi, tangaran ɗin kuma bai tsage ba.

Daga nan aka yanke silin ɗin daidai inda tabon yake, tunda ko yaya aka yi sai an canza shi. Da aka haska tocila daga ƙasa, katakon da ke kewaye da fayif ya yi baƙi ƙirin, sukudireba tana nutsewa a cikinsa ba tare da an sa ƙarfi ba. Aka ja ruwa, shiru. Aka sake ja, ko ɗigo babu. Maigidan ya ce, "Malam, ka gani ko? Ba daga nan ba ne." Aka ce ya ɗan yi haƙuri. Sai aka juye bokiti cike da ruwa mai kala a kwanon lokaci guda, aka bi shi da jan ruwa. Nan take ɗigo mai kala ya gangaro ta bayan fayif, daga ƙarƙashin leɓen filanji.

Wannan shi ke ruɗin mutane da yawa. Bakin mafitar masai yana sako ruwa ne kai tsaye cikin fayif, don haka ko kakin ya lalace, yawancin ruwan yakan wuce abinsa. Sai ruwa ya zo da yawa lokaci guda, ko fayif ya ɗan toshe ruwa ya taru ya dawo sama, sannan yake samun hanyar fita. Yoyon kaɗan-kaɗan ne, amma katako ba ya buƙatar fiye da haka kafin ya ruɓe. Iska kuwa ba ta jiran komai, dare da rana fita take yi. Abin da ya ƙara ɓoye matsalar shi ne silikon da aka zagaye gindin masai da shi kaf, ba a bar ko ƴar kafa ba. Ruwan da zai fito kan tayil a gan shi tun satin farko, sai ya rasa hanya ya bi ƙasa.

Abin da aka tarar a ƙarƙashi

Da aka ɗaga masai, zoben kaki biyu aka samu, ɗaya a kan ɗaya. Na saman ya zame gefe, kuma ta baya, wajen bango, akwai wata siririyar hanya mai baƙin tabo da ta ratsa tsakaninsu. Filanjin yana can ƙasa cikin rami, tayil ya kewaye shi ya fi shi tsawo. Sukurorin da ke riƙe shi na baƙin ƙarfe ne, sun yi tsatsa, biyu ma kawunansu sun cinye. Da hannu ana iya ɗaga leɓen ya motsa.

Aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan tayil ya ratsa ramin, aka auna daga ƙarfen zuwa saman filanji: milimita 15. Lissafin ba shi da wuya. A da, ledar milimita 2 ce, leɓen filanji mai kaurin milimita 6 yana zaune a kanta, wato samansa yana milimita 8 daga katako, milimita 6 kuma daga fuskar daɓe. Da aka zo sa tayil, an shafa siminti kusan milimita 3, aka ɗora allon siminti mai milimita 6, aka sake shafa simintin manna tayil kusan milimita 4, sannan tayil mai milimita 10. Jimilla 23. Daɓe ya tashi, filanji yana nan inda yake. Abin da a da yake saman daɓe da milimita 6, yanzu ya koma ƙasa da shi da 15.

Sai aka kifa masai ɗin aka auna zurfin gindinsa, daga gefen da ke taɓa ƙasa zuwa inda kaki ke mannewa kewaye da bakin mafita. An samu milimita 16. A tsohon zama, tazarar da kaki zai cike milimita 10 ce. Zoben kaki na yau da kullum kaurinsa bai wuce milimita 20 zuwa 25 ba, don haka nauyin masai yana matse shi ya koma kusan rabi, ya bazu ya cike ko'ina. A sabon zama tazarar ta zama milimita 31. Zobe ɗaya ko taɓa gindin masai ba zai yi ba.

An kira mai tayil ɗin, ya zo, bai kuma ɓoye komai ba. Ya ce, "Oga, ai haka ake yi. Idan ya yi ƙasa sai a ninka kaki." Ba mutumin banza ba ne, tayil ɗin da ya sa ya yi kyau, layukansa sun miƙe. Ya ga tazarar, ya kuma nemi hanyar cike ta da abin da ya sani. Matsalar ita ce halin kaki. Kamar ɗanyen yumɓu yake: inda aka danna shi nan yake tsayawa, ba ya dawowa. Idan masai ya karkata hagu ya matse shi, da ya dawo dama sai a bar kafa a hagu. Siririn kaki da aka matse sosai tsakanin abu biyu masu ƙarfi da ba sa motsi yana iya yin shekaru masu yawa lafiya. Dogon tulin kaki mai milimita 31, wanda babu abin da ya tokare shi ta gefe, ba shi da wannan juriya. Yana iya zamewa waje, yana iya kuma turuwa ciki ya rage faɗin hanya.

A nan ne maigidan ya tuna cewa masai ɗin ya taɓa toshewa, aka buɗe shi da robar nan mai sanda. Kowane dannawa yana tura ruwa da iska da ƙarfi a kan mahaɗar, kuma wurin da ya fi rauni shi ne tsakanin zobe da zobe. Ga kuma motsin: ɗaya daga cikin tayil huɗun da masai ke zaune a kai ya ɗan fi sauran tsawo da milimita 2, ba a kuma sa wani abin tokara ba. Notunan da ya kamata su hana motsi suna riƙe ne a filanjin da shi kansa yake lilo. Da ruwa ya fara taɓa katako, sukurori suka yi tsatsa, filanji ya ƙara sakewa, motsi ya ƙaru, kaki ya ƙara buɗewa. Kowace matsala tana ciyar da 'yar'uwarta.

Ina ne daidai?

Ƙa'idar gajeriya ce. Ƙasan leɓen filanji ya zauna a kan daɓen da aka gama, wato a kan tayil ko duk abin da ƙafa za ta taka, a kuma ɗaure shi da sukurorin da ba sa tsatsa har cikin katako ko kankaren da ke ƙasa. Idan aka yi haka, samansa zai fi daɓe da kusan kwatan inci, wato milimita 6 ko sama da haka kaɗan, gwargwadon kaurin leɓen. Masu ƙera masai sun bar zurfin gindinsa ne da wannan lissafi a rai.

Akwai masu aikin da ke cewa idan saman filanji ya zo daidai da fuskar tayil babu laifi. Gaskiya ne ana samun irin wannan da yawa kuma suna aiki, musamman da zoben kaki mai ƙarin kauri. Ni dai ina ɗaukar sa a matsayin abin da za a iya haƙuri da shi idan an tarar, ba abin da za a nufa da gangan a sabon aiki ba. Wanda ya nufi daidai da tayil, ƙaramin kuskure a kaurin siminti zai jefa shi ƙasa. Ban da haka, leɓen da ke zaune a kan tayil ya rufe bakin ramin, ruwan da ya zubo sai ya bi kan tayil. Wanda ke cikin rami kuwa ya bar gefen tayil da allon siminti da katako a buɗe, duk ɗigon da ya tsere cikinsu zai shiga.

Kuskuren yana da ɗaya fuskar, kuma bai fi wannan sauƙi ba. Idan filanji ya yi sama da yawa, ko ya rataya a kan fayif ba tare da leɓensa ya taɓa ƙasa ba, masai sai ya zauna a kansa maimakon a kan daɓe. Kakin ya matsu ya fice gaba ɗaya, masai ya riƙa rawa ta ko'ina, mai ɗaurewa ya yi ta ƙara matsa noti don ya tsayar da shi har tangaran ya fashe ko leɓen ya karye. Irin zoben kakin nan mai mazurarin roba a tsakiya ma a nan yake zama illa, domin babu wurin da mazurarin zai zauna sai ya lanƙwashe. Gwajin abu ne mai sauƙi: a ɗora masai ba tare da kaki ba. Idan gindinsa bai kwanta a daɓe ta kowane gefe ba, a nemi dalili kafin a ci gaba.

Hanyoyin gyara da wadda aka zaɓa

Zoben kaki mai ƙarin kauri yana wadatarwa idan filanji ya yi daidai da daɓe ko ya yi ƙasa da bai wuce kwatan inci ba. Milimita 15 ta fi ƙarfinsa. Akwai kuma zobba na roba ko soso waɗanda ke dawowa idan an matse su, suna jure tazara da ɗan motsi fiye da kaki. Suna da amfaninsu, amma ba za su ɗaure filanjin da ke lilo ba.

Hanya ta uku ita ce zobban ƙari, waɗanda ake ɗorawa a kan tsohon filanji don a ɗaga shi. Suna zuwa da kauri daban-daban, kamar kwatan inci da rabin inci. A wannan banɗaki, na rabin inci da na kwata sun ba da milimita 19, wanda zai kai saman zuwa milimita 4 a kan tayil. Ana goge tsohon kaki tas, a shafa silikon tsakanin kowane zobe da na ƙasansa, sannan a ratsa su duka da dogayen sukurori zuwa cikin katako. Da mai tayil ya yi haka tun ranar farko, lokacin da katako ke da lafiya, da wannan rubutu bai taso ba. Yanzu kuwa babu abin da sukuru zai kama. Maigidan ya so a bi wannan hanya saboda ta fi sauƙi, aka miƙa masa sukudireba ya soka a katakon da kansa. Bai sake maganar ba.

Don haka aka yi cikakken gyara. An ɗaga tayil huɗun da ke kewaye da fayif, Allah ya taimaka akwai ragowarsu a ajiye. An yanke ruɓaɓɓen filawud har zuwa inda katako ke da ƙarfi, aka duba manyan katakan aka ga lemar ba ta ci su ba, sai aka bar wurin a buɗe ya bushe. An kafa gajerun katakai biyu tsakanin manyan, ɗaya ta kowane gefen fayif, aka ɗora sabon filawud mai kaurin milimita 19. Tunda silin a buɗe yake, an yanke fayif ɗin, wanda na roba ne irin PVC, daga ƙasa, aka haɗa sabon guntu da gam, aka bar shi da tsawo ya wuce inda tayil zai tsaya, aka toshe bakinsa.

Wurin da ake yawan ɓata aikin shi ne ramin da ake bari a tayil. Fayif ɗin mai inci 3 ne, kuma a wannan faɗi an fi son filanjin da wuyansa ke rufe fayif ta waje, domin wanda ke shiga ciki yana rage hanyar da dama ba ta da yalwa. A mai inci 4 ne ake sa na ciki ba tare da damuwa ba. Saboda haka dole a bar fili kewaye da fayif inda wuyan zai sauka, amma kada filin ya yi faɗin da leɓen zai rasa wurin zama. An naɗe fayif da kwali mai kaurin wuyan kafin a shafa siminti, aka yanka tayil ya bi da'irar. Bayan siminti ya kama, aka zare kwalin, aka yanke fayif a tsayin da zai bar leɓen ya kwanta lebur a kan tayil.

Kafin a taɓa gam, an gwada filanjin a bushe, aka juya shi har ramukan notuna biyu suka yi nisa ɗaya daga bangon baya, aka yi alama a tayil. Gam ɗin PVC ba ya ba da lokacin gyara, cikin daƙiƙu yake kamawa. An kuma tabbatar tsakiyar fayif tana inci 12, wato milimita 305, daga bangon da aka gama, wanda shi ne ma'aunin wannan masai. Akwai masu inci 10 da 14. A nan ma daga fuskar tayil ɗin bango ake aunawa, ba daga abin da ke bayansa ba.

An huda tayil da bakin diril na daimon ana zuba ruwa, ramukan sun ɗan fi sukuru faɗi don kada ya tsaga tayil idan an matsa. Tsawon sukuru ma sai da lissafi: milimita 6 na leɓe da 23 na shimfiɗa, 29 ke nan kafin ya taɓa katako. An sa masu milimita 60 na ƙarfen da ba ya tsatsa, suka ratsa filawud. An cike duk ramukan sukuru da ke jikin leɓen, ba biyu kaɗai ba. Aka ɗora ma'aunin lebur ta tsaye da ta kwance, aka sake aunawa: milimita 6 a saman tayil, ko'ina daidai.

Ɗora masai ɗin bai ɗauki lokaci ba. An kafa notunan tagulla biyu, aka ɗaure kowanne a jikin filanji da washa da ƙaramin noti don kada su karkace. An ɗora masai ba kaki, aka ga ya kwanta sai wata 'yar kafa ta baya, aka sa siraran robobin tokara aka manne su a wurin da tef. Sannan aka ɗaga shi, aka sa zoben kaki ɗaya na yau da kullum, aka sauke masai a miƙe kan notunan, aka danna da nauyin jiki har ya taɓa ƙasa. Ana jin kakin yana turjewa kafin ya ba da kai, wannan turjiyar ita ce shaidar ya kama. Wanda ya sauke masai ya ji ya faɗa ƙasa kai tsaye, to kakin bai taɓa shi ba. Idan kuma aka ɗaga bayan an danna, sai sabon zobe. An matsa notunan kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, aka tsaya da zarar masai ya daina motsi. Dokokin aikin famfo a Amurka sun buƙaci a rufe tsakanin gindin masai da daɓe, saboda ruwan wanki da ƙazanta kada su shige ƙarƙashi. An yi haka ta gaba da gefuna, aka bar 'yar kafa ta baya inda yoyo zai iya nuna kansa.

An maimaita gwajin bokiti da ruwa mai kala ana kallo daga ƙasa, fayif ya kasance a bushe. Ba a rufe silin ba sai da aka yi kwanaki ana amfani da banɗakin, an shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin mahaɗar ana dubawa. Warin ya ɗauke tun ranar da aka ɗora masai.

Akwai banɗaki na biyu a hawan ƙasa, mai daɓen kankare, wanda maigidan ke shirin sa wa tayil shi ma. Kankare ba ya ruɓewa, amma ruwan ƙazanta yana kwanciya ƙarƙashin tayil ya saki siminti, warin kuma iri ɗaya ne. An zauna da mai tayil tun kafin ya fara, ya faɗi kaurin tayil da na simintin da zai shafa, aka haɗa lissafin aka rubuta a bango. An cire masai da tsohon filanji, aka ƙara wa fayif tsawo, aka naɗe shi da kwali aka toshe bakinsa. Shi zai sa tayil ɗinsa ya kewaye fayif ya tafi, mai famfo ya dawo ya yanke, ya ɗora filanji a kan tayil, ya ɗaure shi da sukurorin kankare.